Ciyar da kifin teku na akwatin gilashi a Legas: tambayoyi da amsoshi

Masu ajiye kifin ruwan gishiri a falo ko a ofis ba su da yawa cikin Hausawan Legas, shi ya sa kowa yake laluben hanya shi kaɗai, kuma tambayoyin da ake kawowa daga Agege zuwa Obalende kusan iri ɗaya ne. Yawancinsu a kan abinci suke. Na tattara su a nan domin kifin nan tsada gare shi, doguwar tafiya ya yi kafin ya iso hannunmu, kuma abin takaici ne ya mutu a kan abin da ke tsakanin yatsu biyu.

Malam, ka ba ni awo guda in riƙe. Nawa ne daidai?

Abin da za su cinye tas cikin minti 1 zuwa 2, ba tare da ya sauka ƙasa ya kwanta ba. Ga akwatin da aka haɗa ƙananan kifaye iri-iri, sau 2 a rana ya isa, safe da yamma.

Yadda ake zubawa ya fi awon muhimmanci. Kada ka juye gaba ɗaya ka juya baya. Ɗan tsinta kaɗan ka saka, ka tsaya ka kalla har ya ƙare, sannan ka ƙara wani ɗan kaɗan. Da ka ga sun fara ɗauka suna tofarwa, ko ƙwaya ta wuce ta gaban bakin kifi bai kula ta ba, to an gama. Kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane, wanda yara suke kira Nemo, ƙwaya 4 zuwa 6 ta ƙaramin abinci mai girman milimita 1 ta ishe shi a zama ɗaya. Daskararren abincin da ake sayarwa gida-gida a leda kuwa, gida ɗaya ya yi wa akwati mai lita 100 da ƙananan kifi 3 ko 4 yawa. A raba shi biyu ko huɗu da wuƙa tun yana daskare.

Za ka ji ana cewa cikin kifi girman idonsa yake. Ƙiyasi ne kawai, kuma ba kowane kifi ya hau ba, amma yana da amfani wajen tuna wa mutum ƙanƙantar wurin da abincin zai shiga.

To ai da na doso suke rububi a jikin gilashi. Ba yunwa ba ce?

Sabo ne. Sun gane cewa inuwarka tana zuwa da abinci. A teku kifi ba shi da tabbacin ci na gaba, don haka halittarsa ce ya ci duk lokacin da ya samu. Ko yanzu ka gama ba su, ka dawo bayan minti 10, haka za su tarbe ka.

Idan ragowa ta zauna a ƙasa, me za ta yi? Ai matatar ruwa tana aiki.

Nan ne zuciyar maganar, a yi haƙuri in tsaya a kai.

Duk abin da ka zuba a akwatin nan ba shi da hanyar fita. Wanda kifi ya ci zai fito kashi, kuma jikinsa yana fitar da amoniya kai tsaye cikin ruwa. Wanda bai ci ba zai maƙale a ramin dutse ko cikin yashi ya ruɓe, shi ma ya zama amoniya. Amoniya guba ce ga kifi, kuma ta fi dafi a ruwan gishiri, domin ruwan teku yana zama a ma'aunin pH (mai auna tsamin ruwa ko kanwarsa) 8.1 zuwa 8.4, kuma duk yadda wannan ma'auni ya hau, ɓangaren amoniya mai kisa yana ƙaruwa. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da matata su suke juya amoniya ta koma naitirait, wasu kuma su juya naitirait ya koma naitiret, wanda dafinsa bai kai na biyun farko ba amma yana taruwa a hankali.

Waɗannan bakteriya yawansu daidai yake da abincin da suka saba samu. Idan kullum tsinta biyu kake zubawa, yau kuma baƙi sun zo ka zuba biyar don su ga kifi suna wasoso, babu ma'aikatan da za su ɗauki ƙarin nauyin nan take. Shi ya sa na fi son mutum ya tsaya a awo ɗaya, idan zai ƙara ya ƙara a hankali cikin makonni.

Akwai kuma fosfet, wanda kusan kowane abincin kifi yake ɗauke da shi. Shi da naitiret su ne takin gansakuka. Na'urar kumfa mai tsotse dauɗa zuwa cikin kofi tana cire wani abu tun kafin ya ruɓe, canjin ruwa yana cire wani, amma babu na'urar da za ta iya bin bayan hannu mai nauyi.

Ka mallaki kayan gwajin ruwa. Amoniya da naitirait su tsaya a 0. Naitiret ya zauna ƙasa da 20 a akwatin kifi zalla, idan da murjani mai rai (halittun teku masu kama da dutse ko tsiro) a ciki gara ya tsaya wajen 10 ko ƙasa da haka.

An ɗauke wuta tun safe, janareta kuma ba mai. In ba su abinci?

A'a, Alhaji. Kada ka ba su ko ƙwaya ɗaya.

Wannan ƙa'ida ce da mu a nan kullum da ita muke kwana. Iskar oksijin tana shiga ruwa ne ta saman ruwa idan yana motsi. Da famfon da ke motsa ruwan ya tsaya, shigarta ta ragu ƙwarai, amma masu shaƙarta ba su tsaya ba: kifi yana shaƙa, bakteriya suna shaƙa, ruɓewar dauɗa ma tana ci. Kifin da ya cika ciki ya fi buƙatar iska domin narkar da abinci, sannan bayan wasu awoyi zai zubar da amoniya a lokacin da ruwa ba ya ratsa matata. Kuma dama ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba, ya gaza shi da kusan kashi 20 cikin 100.

Lafiyayyen kifi zai yi kwanaki bai ci ba kuma ya tashi lafiya. Ruwa marar iska kuwa, cikin awoyi yake kashewa. Don haka a jira wuta ta dawo, famfo ya yi awa 1 ko 2 yana aiki, kifi sun daina haki, sannan a ba su rabin abin da aka saba. Idan unguwarku an san lokacin da aka fi samun wuta, a mayar da ciyarwa farkon wannan lokacin, ba ƙarshensa ba. Wanda ya ɗora famfonsa a kan inbata ko sola ya huta da rabin wannan damuwa. Wanda bai da hali, ƙaramin injin iska mai batir ba shi da tsada, kuma ina ganin bai kamata a ajiye kifin teku a garin nan ba tare da shi ba. In babu ko ɗaya, a ɗebi ruwan akwatin da kofi ana kwarara shi daga sama duk bayan ɗan lokaci.

Lokacin zafi fa, wajen Fabrairu zuwa Afrilu?

Kifin murjani ya fi son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27. Falon da ba na'urar sanyaya ɗaki yana iya kai ruwa 30 ko fiye. A irin wannan zafi kifi yana saurin narkar da abinci, sai ya yi kamar yana son ƙari, alhali ruwan ya rage riƙe iska kuma ragowa ta fi saurin ruɓewa. A ba su kaɗan-kaɗan, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke zafi, sai dai tana ƙafar da ruwa, kuma abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi, domin gishirin bai tafi ko'ina ba.

Ta yaya zan gane na wuce gona da iri?

Akwatin zai faɗa maka kafin kifi ya faɗa. Gilashin da kake gogewa sau ɗaya a mako ya koma kullum sai ka goge. Koriyar gansakuka mai kama da gashi ta fara fitowa a duwatsu, ko wani jan yauƙi ya shimfiɗu a kan yashi yana riƙe 'yan kumfa. Kofin na'urar kumfa yana cika da wuri da baƙin ruwa mai ɗoyi. Idan ka haska tocila da dare sai ka ga tsutsotsi masu gashi sun yi yawa a gindin duwatsu, domin sun samu gara. Naitiret yana hawa duk da canjin ruwa. Idan biyu ko uku daga cikin waɗannan suka haɗu, ka rage abinci da kashi ɗaya cikin uku, ka canza ruwa kashi 10 zuwa 20 cikin 100 duk mako, ka ba abin wata guda.

Ni tsoron ɓata ruwa ya sa sau ɗaya nake ba su duk kwana biyu. Na yi daidai?

Wannan kuskure ne da ya fi na farko ɓoyewa, kuma yana damuna ƙwarai, domin mai shi yana ganin ruwa garau sai ya ɗauka komai lafiya. Kifi kuwa yana ƙarewa a tsaye.

Ka dube shi ta gaba, fuska da fuska, ba ta gefe ba. Cikin lafiyayyen kifi a ɗan cike yake. Idan ciki ya lotsa kamar an matse shi da yatsu, bai ci ba kwanan nan. Idan kuwa naman bayan kai, can saman ido, ya zabge har kan ya fi jiki faɗi, yunwar ta daɗe, jiki ya fara cin kansa, kuma dawo da irin wannan kifi yana da wuya. Launi yana dusashewa, faɗa yana yawa, cuta tana samun ƙofa.

Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Kifin da ke cikin gilashi ba shi da inda za shi. Idan akwatin ba zai ɗauki abincin da zai ƙosar da kifin da ke ciki ba, to kifin ne suka yi yawa, ko matatar ta yi kaɗan. A rage kifi ko a ƙara kayan aiki, kada a rage musu ciki.

Duk kifaye awo ɗaya suke bi?

Ina! Kifin tang, ko rawaya ko shuɗi, makiyayi ne, wuni yake yana tsattsagar ciyawar teku a jikin dutse. Ba a ba shi sau 2 a ce an gama. A maƙala masa busasshen ganyen teku da ake kira nori a jikin gilashi da ɗan matsi, yanki kamar faɗin yatsu biyu ko uku, ya yi ta ja, a cire abin da ya rage bayan wasu awoyi. Ana samun nori a manyan kantuna masu sayar da kayan abincin Asiya, sai dai a duba leda: wanda aka sa wa gishiri ko mai ko yaji ba na kifi ba ne. Latas da alayyafo ba sa maye gurbinsa. Tang da ba ya samun isasshen ganye yana cikin waɗanda fatar kansu da gefen jikinsu take zaizayewa, ko da yake ba abinci kaɗai ke jawo hakan ba.

Kifin antiyas ƙananan halittun da ke yawo a ruwa yake kamawa duk yini, sai an ba shi sau 3 ko 4 kaɗan-kaɗan. Wanda yake fita daga Agege da asuba ya dawo bayan isha saboda cunkoson hanya, kada ya saye shi sai in akwai mai ba shi da rana.

Kifin zaki, mai ƙayoyin dafi, akasin haka ne: babba sau 2 ko 3 a mako yake ci, yanka mai ɗan girma, a miƙa masa da dogon tsinke, ba da hannu ba. Kada a saba masa da ƙananan kifin ruwan daɗi masu rai, suna tara masa kitse a hanta, wasu kuma suna ɗauke da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Kifin da yake kumbura haƙoransa ba sa daina girma, yana buƙatar abinci mai ɓawo, kamar jatan lande da ɓawonsa ko ƙaramar ƙaguwa.

Kifin mandarin kuwa, duk kyansa, ina roƙon sabon shiga ya bar shi a shago. Ƙananan ƙwarin da ke rayuwa a jikin dutse yake tsinta, yawancinsu ba sa karɓar abincin gwangwani, kuma sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwari.

Abincin waje tsada. Zan iya ba su jatan lande na kasuwa?

Ƙwarai kuwa, idan ɗanye ne sabo na teku. Wanda ya leƙa Makoko ko kasuwar kifi ta Epe ko Oyingbo da safe zai samu. A ɓare, a wanke, a yayyanka daidai bakin kifi ko a goga a magogi, a shimfiɗa a leda falle ɗaya a sa a firiza, kullum a ɓalli ɗan kaɗan. A bar shi ya yi kwanaki a daskare kafin a fara bayarwa. Sai dai shi kaɗai ba cikakken abinci ba ne. A riƙa jujjuyawa da abinci mai ƙwaya na kifin teku, da maisis (wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande da ake sayarwa a daskare), da ganye. Atemiya, wata 'yar halittar ruwan gishiri mai kama da jatan lande, kifi suna sonta amma babbarta ba ta da gina jiki sosai sai an jiƙa ta da bitamin.

Busasshen jatan lande na miya, wanda aka banda da hayaƙi, a bar shi a kicin. Haka kifin titus, maiƙonsa yana rufe saman ruwa ya hana na'urar kumfa aiki.

Abincin tarwaɗa fa? Ga shi da arha a buhu.

A'a. An haɗa shi ne don tarwaɗa ta yi ƙiba da wuri a sayar, a tafkin da ake zubar da ruwansa. Burodi da biskit ma haka, kada a gwada.

Firiza ta narke da aka kwana biyu ba wuta. Daskararren abincin ya lalace?

Idan ya narke gaba ɗaya ya kwana, a zubar, ko da ya sake daskarewa. Alamarsa ita ce gidajen ledar sun canza siffa, ruwa ya taru gefe ɗaya, launi ya yi duhu. A duba wannan tun a shago kafin a biya kuɗi. Kuma ko lafiyayye ne, a narkar da shi a ɗan kofi da ruwan akwati, a tsiyaye ruwan ta rariya, sannan a zuba. Ba a narkarwa da ruwan zafi.

Gwangwanin da na saya tun bara yana nan. Zan ci gaba?

Laimar Legas ba ta barin busasshen abinci. Da an buɗe gwangwani, bitamin yana raguwa, da damina kuma yana iya yin fumfuna. A sayi ƙarami wanda zai ƙare cikin wata 3 zuwa 6, a rufe gam, kada a ɗora shi a kan murfin akwati inda zafin fitila da tururi suke, kuma kada a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki. Wanda ya dunƙule ko ya canza wari ya tashi aiki.

Akwai wani mai ƙarfi da yake cinye komai, ƙaramin ba ya samu.

Mutane sukan ƙara abinci don ya kai ga ƙaramin, sai babban ya ƙara ƙiba, ruwa ya ɓaci, ƙaramin yana nan yadda yake. A kashe famfon da ke kaɗa ruwa na minti 5 zuwa 10, a zuba wa masu ƙarfi a kusurwa ɗaya, suna can sai a ɗauki sirinji marar allura a fesa wa mai kunyar nasa a bakin raminsa. Kada a manta a kunna famfon. A sa ƙararrawa a waya.

Na kawo sabon kifi, kwana biyu bai ci ba. Aka ce in sa tafarnuwa.

Yawancin kifin ado na teku daga Indonesiya da Filifin suke fitowa, cikin leda, a jirgi. Kwana 2 ko 3 ba ci ba abin tayar da hankali ba ne. A rage hasken fitila, a tabbatar yana da maɓoya, a gwada maisis ko ɗanyen jatan lande kaɗan, a kwashe abin da bai ci ba. Ƙamshin tafarnuwa yakan ja wasu kifaye su ɗanɗana, amma ba ta warkar da cutar fararen ɗigo da ke fitowa a jikin kifi, kada a dogara da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce tun a shago ka ce wa mai sayarwa ya ba shi abinci a gabanka, ka kuma tambayi irin abin da ya saba ci.

Za mu tafi gida Sallah, Hajiya da yara duka. Yaya za a yi?

Kwana 3 ko 4, manyan kifaye masu lafiya ba sa buƙatar kowa, in dai famfo zai ci gaba da aiki. Ban da antiyas da 'yan ƙanana. Kada a ɗura musu ranar tafiya da sunan guzuri, kifi ba ya ajiya, ruwa ne zai ɓaci ba kowa a gida.

Mako ɗaya ko biyu, sai an bar wani. Amma kada a miƙa wa maigadi ko ɗan'uwa gwangwani a ce ya ba su kaɗan. Kaɗan ɗinsa ba naka ba ne, kuma tausayi zai sa ya ƙara. A ƙulla abincin kowace rana daban a 'yar takarda ko akwatin magani mai gidaje 7, rabin abin da aka saba, a ɓoye gwangwanin. A gaya masa abu biyu: ranar da ba wuta ba abinci, ranar da ya manta kuma ba a ramawa. Na'urar da ke zuba abinci da kanta tana aiki, sai dai laima tana dunƙule abinci a bakinta, kuma da batir take, za ta zuba ko da famfo a tsaye yake. A gwada ta mako guda kafin tafiya, da abinci mai ƙwaya.

Da azumi lokacin sahur ne na fi samun sukuni.

A lokacin kifi suna barci, wasu a rami, wasu a binne cikin yashi. Abin da aka zuba a duhu ƙasa zai tafi. A bari fitila ta yi kamar rabin awa a kunne, ko a mayar da ciyarwa hantsi da kafin magariba.

Yaro ya juye rabin gwangwani a ciki. Me zan yi yanzu?

Kashe famfunan na ɗan lokaci don kada su watsa shi cikin duwatsu. Kwashe na sama da raga, zuƙe na ƙasa da tiyo. Kunna famfo, cire audugar matata ka wanke ko ka canza, ka sake yin haka bayan wasu awoyi. Canza ruwa kashi 25 zuwa 30 cikin 100 da ruwan da aka haɗa da gishirin akwati, zafinsa da gishirinsa daidai da na ciki. Kada gaggawa ta sa a ɗebo ruwan lagun ko na bakin teku, na lagun gishirinsa bai kai ba kuma ga ƙazanta. Ƙara iska, dakatar da abinci kwana 2, a riƙa gwada amoniya safe da yamma, idan ta ɗaga a sake canza ruwa. Wannan dare a tanadi man janareta.